Daga Allo Ake Farawa: Yadda Ake Zaɓen Kayan Babbar Kwamfutar Gem

A farkon watan Janairun 2025, a baje kolin kayan fasaha na CES da ake yi duk shekara a Las Vegas ta Amurka, shugaban kamfanin Nvidia, Jensen Huang, ya gabatar da katin hoto mafi ƙarfi da kamfanin ya taɓa ƙera wa masu buga gem: GeForce RTX 5090. Farashinsa dala 1,999, ma'adanarsa gigabait 32, kuma shi kaɗai yana iya jan wutar da ta kai wat 575. Da ya shiga kasuwa ranar 30 ga watan, kafin a ankara ya ƙare a shaguna, 'yan baranda kuma suka yi ta sayar da shi a farashin da ya zarce na kamfani nesa ba kusa ba.

In aka canza wannan kuɗi a kan kusan naira 1,500 kowace dala, yadda canji ya yi ta wasa a shekarar, ana maganar naira miliyan uku ke nan, ban da dako da kuɗin kwastan. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya tara na fiye da shekara uku da rabi, bai taɓa ko sisi ba, kafin ya kai. Kuma kati ne kawai wannan, ba a sayi sauran kayan ba. Duk mai niyyar zuba irin wannan dukiya a na'ura, ko don nishaɗi, ko don gasa, ko don buɗe gidan gem, ya kamata ya san abin da kowace naira za ta dawo masa da shi.

Yawancin masu wannan niyya da tambaya ɗaya suke farawa: wane kati ne ya fi ƙarfi? Tambayar ba laifi ba ce, sai dai ta yi gaggawa. Kati zana hotuna yake yi, allo ne mai nuna su. Hoton da allo bai iya nunawa ba, ko kati ya zana shi, asara ce: wuta ta ƙone, kuɗi sun tafi, ido bai ga komai ba. Wanda ya jona katin miliyan uku da allon ofis mai nuna hoto 60 a sakan, ya biya kuɗin ɗaruruwan hotuna ya karɓi 60. Wanda kuma ya ɗauko allo mafi kaifi ya haɗa shi da matsakaicin kati, zai zauna yana kallon gem yana ɗingishi. Daidai ruwa daidai tsaki. A fara tsayar da irin gem ɗin da za a buga, sannan allo, sannan katin da zai ciyar da allon, sannan sauran kaya.

Lissafin ɗigo da na lokaci

Allo tarin ƙananan ɗigogin haske ne, kuma kafin kowane hoto ya bayyana sai kati ya lissafa launin kowane ɗigo. Awo uku ne suka mamaye kasuwa. Wanda ake kira 1080p yana da ɗigo 1,920 a kwance, 1,080 a tsaye, jimilla miliyan 2 da ɗoriya. Na 1440p yana da 2,560 sau 1,440, kusan miliyan 3.7. Na 4K kuwa 3,840 ne sau 2,160, kusan miliyan 8.3, ninki huɗu cif na 1080p. Akwai kuma faffaɗan allo mai inci 34 da ɗigo 3,440 sau 1,440, kusan miliyan 5, wanda masu gem ɗin tseren mota da tuƙin jirgin sama suke so.

Lissafi na biyu na lokaci ne: sau nawa allon yake sabunta hoto a sakan guda. Shi ne adadin da ake rubutawa da Hz. Allo mai 60Hz yana riƙe kowane hoto na milisakan 16.7, mai 144Hz na 6.9, mai 240Hz na 4.2, mai 480Hz na 2.1. A lura da yadda ribar take raguwa. Daga 60 zuwa 144 an zabge kusan milisakan 10, bambancin da duk mai ido zai gani ko da maus kawai ya motsa. Daga 240 zuwa 480 kuwa milisakan 2 ne kacal, sai ƙwararren ɗan gasa ne zai ci moriyarsa.

In aka haɗa lissafin biyu, nauyin da ke kan kati zai fito fili. Allon 1080p mai 60Hz yana neman ɗigo miliyan 124 a sakan. Na 1440p mai 240Hz yana neman miliyan 885. Na 4K mai 240Hz yana neman kusan biliyan 2, ninki 16 na na farkon. Shi ya sa zaɓen allo shi ne zaɓen kati, shi ne kuma zaɓen kuɗin wutar da za a riƙa biya duk wata.

Mai neman gudu da mai neman kyau

Masu gem ba buƙatarsu ɗaya ba. Mai buga Counter-Strike 2 ko Valorant so yake ya riga abokin karawarsa gani da harbi. Hoton waɗannan gem ɗin ba shi da nauyi, saboda haka matsakaicin kati ma yana fitar da ɗaruruwan hotuna a sakan. Ƙwararrun 'yan gasa da gangan suke zama a kan ƙaramin allo mai inci 24 ko 25, domin ido ya kama komai ba tare da an juya kai ba. A gare su Hz ne kan gaba.

Mai buga Cyberpunk 2077, ko Black Myth: Wukong, ko Microsoft Flight Simulator, shi kuma kallo ya zo yi: hasken fitila a kan jiƙaƙƙen titi, gajimare, ganyen itatuwa. Hoto 90 zuwa 120 a sakan sun wadatar da shi, muddin hoton ya fito tangaran. Wannan shi ne mai buƙatar 4K, shi ne kuma wanda kati mai tsada zai yi wa amfani.

Girman allo yana tafiya ne da yawan ɗigo. Awon 1080p ya fi zama a inci 24, domin in aka shimfiɗa shi a inci 27 rubutu kan fara nuna ƙaiƙayi. Awon 1440p gidansa inci 27 ne, 4K kuma inci 27 zuwa 32. Ga wanda yake buga iri biyun, 1440p mai inci 27 da 240Hz shi ne tsaka-tsakin da ya fi kowane amfani. Kuma ba ƙaramin matsayi ba ne: ƙididdigar da kamfanin Valve yake fitarwa duk wata kan masu amfani da dandalin gem na Steam ta daɗe tana nuna cewa fiye da rabinsu a 1080p suke har yanzu.

Irin gilashin

Bayan adadi sai irin gilashin. TN shi ne mafi daɗewa: yana da sauri, amma launinsa a koɗe yake, in aka kalle shi ta gefe kuma sai ya sauya. Har yau ana ganinsa a manyan gasanni, musamman ƙirar ZOWIE ta kamfanin BenQ. IPS yana da launi mai kyau da isasshen gudu, sai dai baƙinsa toka-toka ne a ɗaki mai duhu. VA ya fi shi zurfin baƙi, amma yakan bar jan layi a bayan abu mai motsi in wurin da duhu.

OLED ne ya sauya kasuwar sama. A jikinsa babu fitilar baya, kowane ɗigo da haskensa. In aka so baƙi, ɗigon ne yake mutuwa gaba ɗaya, kuma yana sauya launi cikin ƙasa da milisakan guda, don haka abu mai gudu ba ya dusashewa. Kamfanoni biyu na Koriya ta Kudu ne suka riƙe ƙera gilashin: Samsung Display mai yin QD-OLED, da LG Display mai yin WOLED. Su Asus, MSI, Gigabyte da Dell daga wajensu suke saye. Ke nan alluna biyu masu suna daban da farashi daban suna iya zama gilashi ɗaya, bambancin yana ga garanti, mashigan waya da hanyar sanyaya shi. Dell ne ya fara fitar da allon QD-OLED a 2022 da sunan Alienware AW3423DW. A 2024 aka samu masu inci 32 da 4K da 240Hz, LG ma ya fitar da wanda ake juya shi da maɓalli daga 4K mai 240Hz zuwa 1080p mai 480Hz.

Amma OLED yana da sharuɗɗa. Abin da ya daɗe a wuri ɗaya, kamar layin ƙasan Windows ko taswirar gefen gem, yana iya barin tabo na dindindin, zafi kuma yana gaggauta hakan. Shi ya sa kamfanoni da dama suke ba da garantin shekara uku a kan tabon. Haskensa in ya cika allo bai kai na IPS ba, kuma QD-OLED in hasken rana ya buge shi, baƙinsa yakan koma ja-ja. Sannan allon yana da aikin gyaran ɗigogi da yake yi da kansa bayan 'yan awoyi na aiki, a lokacin da aka kashe shi amma yana jone da wuta. Inda ake ɗauke wuta ba sallama, wannan aikin yakan katse. Wanda ɗakinsa yake da haske sosai, ko yake wuni yana aikin rubutu a kan allon, IPS mai kyau ya fi masa kwanciyar hankali.

Kada tambarin DisplayHDR 400 ya ruɗi mai saye, domin shi ne mataki na ƙasa, bambancinsa da allon da ba shi da HDR kaɗan ne. HDR na gaske sai a OLED, ko a allo mai ƙananan fitilun baya ɗaruruwa da ake kira Mini-LED. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne allon ya iya daidaita sabuntawarsa da gudun kati, don kada hoto ya riƙa tsagewa. Nvidia ya kawo G-Sync a 2013, AMD ya biyo da FreeSync a 2015, kuma tun 2019 katunan Nvidia suna aiki da allunan FreeSync da yawa.

Katin da zai ciyar da allon

In allo ya tsaya, zaɓen kati ya zo da sauƙi. Ga 1440p mai gudu, RTX 5070 Ti da ya fito a kan dala 749 ko Radeon RX 9070 XT na AMD, wanda ya fito a Maris 2025 a kan dala 599, kowannensu ya isa, kuma duka biyun gigabait 16 gare su. Ga 4K, RTX 5080 da ya fito a kan dala 999 shi ne ƙofar shiga, 5090 kuma shi ne ƙololuwa. Sai dai 5090 ya ninka 5080 kuɗi, bai ninka shi gudu ba. Ratar da ke tsakaninsu a 4K ta fi fitowa, in aka sauko 1440p sai ta tsuke, domin a nan kati ne yake jiran firosesa.

A kula da ma'adanar kati, domin ba a ƙara ta daga baya. Nan ne gem yake jibge zanen bango, fuskoki da inuwa. In ta cika, gem ba raguwar gudu kawai yake yi ba, kakkatsewa yake yi, wani lokaci bango ya koma kamar ba a gama fentinsa ba. Gigabait 8 ya fara gazawa a sababbin gem. Ga babbar kwamfuta, 16 ne mafi ƙanƙanta.

Abin da ya fi cin ƙarfin kati a yau shi ne fasahar bin sawun haske, inda ake lissafa yadda haske yake tashi daga fitila, ya bugi ruwa ko gilashi, ya dawo ido. Nvidia ya shigo da ita a 2018 da jerin RTX 20. A 2023 kamfanin CD Projekt Red na Foland ya ƙara wa Cyberpunk 2077 cikakken tsarinta, wanda ko 5090 in aka bar shi da ƙarfinsa zalla a 4K, kusan hoto 30 kawai yake fitarwa a sakan. Gem ɗin Indiana Jones and the Great Circle na Disamba 2024 ma ba ya tashi sam a katin da ba shi da wannan fasaha.

Mafitar da kamfanonin suka kawo ita ce ƙirƙirarriyar basira: DLSS a wajen Nvidia, FSR a wajen AMD. Dabara ta farko, kati ya zana hoto a ƙaramin awo, manhaja ta ɗaga shi ya cika allo. Wannan ta yi nisa sosai, a 4K da wuya ido ya bambance. Dabara ta biyu ita ce cusa ƙirƙirarrun hotuna a tsakanin na ainihi, DLSS 4 yana cusa har uku. A nan ne ake buƙatar lura. A taron na Las Vegas, Huang ya ce RTX 5070 na dala 549 zai yi aikin RTX 4090, katin da aka fitar a 2022 a kan dala 1,599. Da masu gwaji masu zaman kansu suka auna, sai ta bayyana cewa lissafin ba ya tashi sai an ƙirga hotunan da aka cusa, a hotunan ainihi kuwa 5070 yana can baya.

Hotunan cushe suna sa motsi ya yi sulɓi a ido, amma gem ba ya jin hannun mai bugawa sai a hoton ainihi. Saboda haka ba su gyara gem ɗin da yake ɗingishi, kuma ɗan gasa ba ya kunna su. Amfaninsu yana fitowa ne in kati yana ba da kamar hoto 60 na ainihi, a mayar da su 240. Wannan kuwa sai in allon zai iya nuna 240 ɗin.

Firosesa: yawan cibiya ba shi ne ba

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar firosesa mafi tsada, ana zaton shi ne mafi gudu a gem. Gem bai damu da cibiyoyi 16 ko 24 ba, takwas masu sauri sun ishe shi. Abin da ya fi so shi ne bayanan da yake nema su kasance kusa. A kan haka AMD ya ɓullo da dabarar ɗora ƙarin ma'ajiyar kusa a jikin firosesa, ya fara da Ryzen 7 5800X3D a 2022. Ryzen 7 9800X3D ya fito a Nuwamba 2024 a kan dala 479, da cibiya 8 da ma'ajiyar kusa mai megabait 96. An mayar da ƙarin ma'ajiyar ƙarƙashin cibiyoyin maimakon samansu, abin da ya sa zafi yake fita da sauƙi. A gwaje-gwajen gem ya wuce Core Ultra 9 285K na Intel, wanda ya fi shi tsada da yawan cibiyoyi. Mai haɗa gem da tace bidiyo ko zanen gini shi ne yake da hujjar hawa zuwa Ryzen 9 9950X3D mai cibiya 16.

Mazaunin firosesa ma abin dubawa ne. AMD ya buɗe mazaunin AM5 a 2022, ya kuma yi alkawarin ci gaba da shi aƙalla zuwa 2027, ke nan ana iya sauya firosesa nan gaba ba tare da sauya madabod ba. Mai duba kayan hannu kuma ya yi hattara da manyan firosesan Intel na jeri na 13 da na 14. A 2024 kamfanin ya amsa cewa wuta mai yawa tana lalata wasunsu a hankali, ya fitar da gyara, ya ƙara garantin shekara biyu. Gyaran yana hana lalacewa, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu.

Inda ake tsuke aljihu

Madabod ba ya ƙara wa gem gudu. Matsakaici mai lamba B650 ko B850 yana ɗaukar 9800X3D lafiya lau, ƙarin kuɗin manyan yana tafiya ne a mashigai da ado. RAM kuwa, gigabait 32 na DDR5 mai gudun 6000 shi ne abin da AM5 ya fi jin daɗinsa, kuma sanda biyu sun fi huɗu zama lafiya. Farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025, saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun wawushe abin da Samsung, SK Hynix da Micron suke ƙerawa, har Micron ya sanar da rufe sashensa na Crucial mai sayar wa ɗaiɗaikun mutane. Wannan ƙarin dalili ne na kada a sayi 64 in 32 za su yi.

A ma'ajiyar SSD, mai PCIe 4.0 yana karanta kusan megabait 7,000 a sakan, mai 5.0 ya kusa ninka haka, amma wajen buɗe gem da ƙyar a ga bambanci, ga tsada ga zafi. Gara a sayi mai faɗi, terabait 2, tunda gem ɗaya yanzu yana cin fiye da gigabait 100. Fitilu masu launi da gilashin ado su ne ƙarshen layi.

Inda ba a tsuke aljihu

Akwatin wuta shi ne abin da in ya mutu yakan tafi da maƙwabtansa. Nvidia ya ba da shawarar wat 1,000 ga 5090, 850 ga 5080. A nemi mai ƙa'idar ATX 3.1, wanda aka gina don ya jure fizgar wutar da manyan katuna suke yi cikin ƙiftawar ido.

Wayar da ke kai wa kati wuta tana da tarihin da ya kamata a sani. An tsara ta ta ɗauki wat 600 ta siraran wayoyi shida, kusan amfiya 8 da ɗoriya kowace, saboda haka ba ta da rarar kirki. A 2022 aka fara ganin kanta yana narkewa a jikin 4090, Nvidia ya danganta hakan da rashin tura ta ta shige duka, daga baya aka gyara ƙirar aka kira ta 12V-2x6. Duk da haka, a Fabrairun 2025 masanin nan ɗan Jamus Roman Hartung, wanda aka fi sani da der8auer, ya nuna yadda wuta take iya taruwa a waya ɗaya a jikin 5090 har ta haura amfiya 20. Don haka a yi amfani da sabuwar wayar da ta zo da akwatin wutar, a tura ta har ta yi ƙara, kada a lanƙwasa ta dab da kai, kuma kada a taɓa aron wayar wani akwati.

A nan ne mai haɗa kwamfuta a Kano, Sakkwato ko Yamai yake da lissafin da na Turai ba shi da shi. Kwamfuta mai 5090 da allonta tana iya jan kusan wat 800 in gem ya yi nauyi. Awa huɗu kullum ya kama yunit 96 a wata, kusan naira 20,000 ga wanda ke rukunin A na masu biyan kuɗin wuta a Najeriya, inda yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024. Ƙaramin UPS na ofis ba zai ɗauke ta ba. Mai 1,500VA ma galibi wat 900 zuwa 1,000 yake bayarwa, na 'yan mintunan da za a kashe na'ura cikin mutunci. A tabbata UPS ko inbata mai ba da tatacciyar wuta ne irin ta layi, domin akwatunan zamani ba su shiri da gurguwar wutar masu araha. Inda wuta take yawan yin lo ko take dawowa da ƙarfi, sitabilaiza da wayar ƙasa mai kyau wajibi ne.

Zafi da ƙura

Duk wat ɗin da kwamfuta ta ja, zafi yake zama a cikin ɗaki. Alƙaluman zafin da masu gwaji suke wallafawa a ɗakuna masu sanyin digiri 20 da 'yan kai ake ɗaukarsu. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa, don haka in ɗakin ya ƙaru da digiri 15, na'urar ma za ta ƙaru da kusan haka. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a garuruwanmu, firosesan da iyakarsa digiri 95 ce zai kai can da wuri, ya rage gudu don ya tsira.

A zaɓi gidan kwamfuta mai raga a gaba, ba mai toshewar gilashi ba. Fankokin da ke shigar da iska su fi masu fitarwa yawa, kuma a sa musu matata, don ƙurar hunturu ta tsaya a inda za a iya wanke ta. Kada a ajiye kwamfuta a ƙasa. Ga 9800X3D, babbar na'urar sanyaya ta iska mai hasumiya biyu ta isa, kuma ba ta da famfon da zai mutu kamar ta ruwa. Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko kwabo: rage wa kati kason wuta zuwa kashi 80 cikin 100 ta manhaja. Gudun da ake rasawa kaɗan ne, saukin zafi da na mita kuwa a bayyane yake.

A bakin kasuwa

Ana samun kayan kwamfuta a Computer Village ta Ikeja, da Banex a Abuja, da titin Beirut a Kano, amma manyan katuna da allunan OLED sau da yawa sai an yi oda daga waje. A nan tambayar farko ita ce garanti, domin yawanci yana ɗaure ne da ƙasar da aka sayi kayan. A yi magana a fili da mai kawowa: in ya lalace, wa zai mayar, wa zai biya dako?

Kayan hannu sai an buɗe ido. Tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a Satumba 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa. Masu gyara a ƙasashe da dama sun nuna katunan 4090 da aka cire musu ƙwaƙwalwa aka sayar da kwanko. Ko sabo ma a duba shi: a Fabrairun 2025 Nvidia ya amsa cewa kaɗan daga katunan jerin 50 sun fito da ƙarancin wani sashe na zane, abin da manhajar GPU-Z ta kyauta take nunawa. Kada kuɗi su fita sai an jona katin an buga gem mai nauyi na rabin awa. Allo kuma a cika shi da fari, baƙi, ja, kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya, a nemi mataccen ɗigo.

In an gama haɗawa, saura abu huɗu da mutane da yawa suke mantawa. Wayar allo a jikin kati ake jona ta, ba a madabod ba, kuma ta zama DisplayPort ko HDMI 2.1. A shiga saitin Windows a ɗaga Hz, domin sau da yawa a 60 yake barin sabon allo. A shiga BIOS a kunna EXPO ko XMP, in ba haka ba RAM ba zai kai gudun da aka biya ba. Sannan a kunna G-Sync ko FreeSync.

Hukuncin da lissafin ya bayar

Akwai wanda 5090 ya dace da shi: mai allon 4K da 240Hz, mai ɗaki da na'urar sanyaya, mai wutar da ba ta yankewa, ko wanda katin zai yi masa aikin neman abinci bayan gem. Ga mafi yawan masu son babbar kwamfuta a ƙasashenmu kuwa, allon 1440p mai inci 27 da 240Hz, da 9800X3D, da kati mai gigabait 16, sun kai mutum inda ido zai ƙoshi. RX 9070 XT wat 304 yake ja, kusan rabin na 5090, kuma tsakanin farashin da suka fito da shi akwai dala 1,400, sama da naira miliyan biyu a canjin 2025. Wannan rarar in aka zuba ta a inbata, batir da farantan sola, ita ce za ta sa kwamfutar ta tashi duk lokacin da mai ita ya so, a kawo wuta ko a ɗauke.